Da Mu Ne Muka Rubuta Ƙarshen Se7en

Fim ɗin Se7en na Amurka ya fito tun 1995, amma har gobe ba mu gama gardama a kan ƙarshensa ba a nan Sabo. David Fincher ne ya ba da umarni, Morgan Freeman ya fito a Somerset, tsohon ɗan sandan da saura masa mako guda ya yi ritaya, Brad Pitt kuma Mills, matashi mai zafin kai. Suna farautar John Doe, wanda ke kashe mutane bisa manyan zunubai bakwai na koyarwar Kirista: zarin ci, haɗama, lalaci, sha'awa, girman kai, hassada da fushi.

Bayan biyar na farko sai ya miƙa kansa, ya ja su bayan gari. Can aka kawo kwali, ciki kan matar Mills ne, ga ta da juna biyun da mijin bai sani ba. Doe ya ce hassadar rayuwar Mills ce ta sa shi. Saura fushi. Mills ya harbe shi, lissafi ya cika bakwai.

Matasanmu na teburin mai shayi cewa suke wallahi harsashin ma ya yi kaɗan. Iyayenmu mata da suka saba da fim ɗin Indiya kuwa so suke a ceto matar a daƙiƙar ƙarshe. Kamfanin New Line ma ya so a sassauta, Brad Pitt ya kafe. An taɓa zana wani ƙarshen inda Somerset ne ke harbin, don ya ceci yaron daga ɗauri.

Namu ƙarshen daban ne. Mills ya ɗaga bindiga, hannu na rawa, hawaye na zuba, sannan ya sauke ta. A sa wa Doe ido ya tsufa a kurkuku da aikin da bai kammalu ba. Ai mutumin nan ba tsoron mutuwa yake ba, nemanta yake. Abin da zai ƙona masa rai shi ne Mills ya ƙi zama makaminsa.

Ba wai abu ne mai sauƙi ba fa. Amma mu da ke zaune a garin wasu mun san kuɗin fushin mutum ɗaya. A Fabrairun 2021, cacar baki ce ta zama rikicin kasuwar Shasha a nan Ibadan: aka rasa rayuka, shaguna suka ƙone, iyalai suka kwashe kaya sai Arewa. Mai tsokana kullum yana da lissafinsa, jira yake wani ya cika masa.

Fincher ya nuna abin da yawancinmu za mu yi. To, yaranmu da ke cika gidajen kallo suna bukatar su ga ɗayan ma: namijin da aka ƙure, bindiga na hannunsa, ya kai ƙara wurin hukuma.