Kartar da na sa wa hannu

Yau ba labarin gari na kawo muku ba, laifin kaina zan faɗa.

Ɗan yayata yana kwaleji. A hutun bana ya liƙe wa wani gidan gem na unguwarmu, inda ake biyan kuɗi a taɓa PlayStation. Sauran yara ƙwallo suke bugawa, shi kuwa sai The Witcher 3, wasan da kamfanin CD Projekt na ƙasar Polan ya fitar a 2015. Kuma ba yaƙin ne ya ɗauke masa hankali ba. A cikin wasan akwai wata karta mai suna Gwent, wadda jarumin yake bugawa da masu shaguna da masu masauki. In ka ci mutum sai ya ba ka kati guda, haka kake tara naka sannu a hankali.

Da kuɗinsa suka ƙare, ga wuta tana yawan ɗaukewa, sai ya same ni ya ce: "Kawu, mu fitar da ita a takarda mana." Na bincika na ga kamfanin ma ya taɓa yin haka, a 2015 da 2016 ya sa katunan gaske cikin kwalin wasu ƙarin sassan wasan. To waɗannan ba su iso kasuwarmu ba. Muka tafi wurin mai fotokofi, aka buga mana wajen kati tamanin, aka rufe su da leda. Jika huɗu na biya. Na ce masa na gida ne, ba na sayarwa ba.

Ranar farko muka gane aikin da na'ura take yi mana ba mu sani ba. Kowa yana da kati 10 a hannu da layi uku a gabansa, wanda ya ci zagaye biyu shi ne gwani. Amma kowane kati yana canza lissafi: na sanyi ya mai da duk sojojin layin gaba zuwa maki 1, na ƙaho ya ninka layi gaba ɗaya, ɗan leƙen asiri kuma a gefen abokin wasanka kake ajiye shi, kai ka ja kati biyu. A talabijin lambar da kanta take sauyawa. A kan tabarma sai da kaye da bik. Yaron da yake ce mini lissafi ba nasa ba ne, na gan shi yana ninkawa da ka, yana gyara wa wasu. Wallahi na ji daɗi, har na yi ta yabon kaina.

Ba a yi sati ba wani yaro ya zo da Geralt guda biyar. Geralt shi ne jarumin, makinsa 15, sanyi ba ya taɓa shi, kuma a na'ura guda ɗaya tak kake iya samu, shi ma sai ka sha wuya. A takarda kuwa duk mai dala ashirin zai buga nasa. Gardama ta kaure. Suka kawo mini ƙara, ni kuma don in raba faɗa na ce daga yau katin da ba shi da sa hannuna a baya ba kati ba ne. Na zauna na sa wa tamanin ɗin nan hannu.

A nan na yi kuskure, kuma ya kamata a ce na hango. Kamfanonin da ke sayar da irin waɗannan katunan, tun daga Magic a 1993 da Pokémon a 1996, da ƙarancin suke cin abinci: a rufe kake sayen ƙunshi, ba ka san abin da ke ciki ba, wasu katunan kaɗan ake bugawa da gangan. A 2021 an sayi katin Pikachu guda ɗaya sama da dala miliyan 5, dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta nan ba. Abin da suke yi da injin buga takarda, ni na yi shi da bik ɗina. Katin da jiya ba shi da daraja, yau ya zama guda ɗaya a duk unguwa.

Yaran suka koma dokar na'ura: wanda aka ci ya ba da kati. Wanda nasa suka ƙare sai ya saya da kuɗin karin kumallo. Geralt ya kai jika ɗaya.

Mijin yayata ya kira ni bayan isha'i, katunan na zube gabansa. Ya ce: "Kai da kake yi wa mutane nasiha a rediyo, kai ne ka buɗe wa ɗana caca?" Na fara cewa Yaya ai lissafi suke koyo, sai ya juya kati ɗaya ya nuna mini sa hannuna. Ban ƙara magana ba.

Ban ƙone su ba, ko da yake haka ya so. Na bi gida gida na karɓo sauran, na mayar wa yara biyu kuɗinsu daga aljihuna. Yanzu katunan suna cikin gwangwanin madara a ɗakina. Ranar Lahadi da la'asar yaran suna zuwa, a zube su a tsakiya, kowa ya zaɓi rundunarsa, in an gama a ƙirga a mayar. Uku daga cikinsu sun daina zuwa, sun ce ba daɗi tunda ba a cin komai. Ɗan yayata yana zuwa, amma har yanzu babansa a taƙaice yake amsa gaisuwata.