Suyar Minti Takwas da Suyar Wuni Guda

A Uba, in aka ce mace tana suyar nama, kowa ya san ta sallama wuninta ke nan. A jihar Ayowa ta Amurka, inda zama ya kawo ni, aikin minti takwas ne ko goma, ana yin sa bayan an taso daga aiki, tun ba a cire takalmi ba. Mu da su duk nama muke jefawa a mai mai zafi, amma abin da kowa ke nema a wurin wutar daban ne.

Ayowa ƙasar alade ce. Mutanen jihar miliyan 3 ne da 'yan kai, aladunta kuwa sun haura miliyan 20, kusan kashi ɗaya cikin uku na duk aladun Amurka. A babban bajekolin da ake yi a birnin Des Moines kowane watan Agusta, har masu neman shugabancin ƙasa sukan ɗaura gyale a ƙugu su tsaya juya naman alade a kan wuta, don manoma su ga na gida ne. Ni ba na ci, addinina ya hana, amma ganinsa bai zame mini baƙon abu ba. Wanda ya tashi a Uba, garin da titi ya raba biyu, ɓangare ɗaya a ƙaramar hukumar Hong ta Adamawa, ɗayan a Askira/Uba ta Borno, ya saba da zaman Musulmi da Kirista katanga ɗaya. Wasu gidajen Kirista a yankinmu suna kiwon alade, da masu yanka shi daban, da wurin sayar da shi daban, kowa ya san tukunyar da zai sa hannu. Abin lura shi ne, ko su ɗin ma irin girkinmu suke yi masa: a yanka gutsi-gutsi, a tafasa, a soya, ko a yi farfesu. 'Yan mishan ɗin Amurka irin su Stover Kulp, da suka sauka Garkida a 1923, aikinsu ya haifar da cocin EYN mai hedkwata a Kwarhi, sun bar makarantu da asibitoci, amma ban taɓa ganin sun bar wa kowa irin suyarsu ba.

Wannan suyar tasu a wurin maƙwabciyata a nan Ayowa na gan ta da kyau, wata dattijuwa 'yar gidan manoma. Ta san ba zan taɓa ba, takan ce mini, "'Yar nan, tsaya can bakin ƙofa in ƙaurin zai dame ki." Naman daga gadon bayan dabba ake fitar da shi, a tsinka shi da zarton inji falle-falle, kowane falle faɗin tafin hannu, kaurin yatsa, da ƙashi a gefe ɗaya da zaren kitse a ɗaya gefen. Ba ta wanke shi. Takarda take sawa ta tsane shi sarai, ta barbaɗa gishiri da masoro, ta birkiɗa shi a fulawa, ta kakkaɓe. Kaskonta baƙin ƙarfe ne mai nauyin tsiya, gadon uwarta, irin wanda kamfanin Lodge yake zubawa a jihar Tennessee tun 1896. Sai ta ɗebo cokali biyu na kitsen da take tarawa a gwangwani, ta jira ya yi zafi har in ta yarfa ɗan garin fulawa ya ce cuu. Ta jera falle huɗu, babu mai taɓa wani, ta ja da baya ta harɗe hannu. Minti huɗu ba ta ko zungure su. Juyi ɗaya, wasu minti huɗu, ta kwashe a faranti ta bar su su huce kaɗan. Ɗan abin da ya kama a gindin kasko shi take zuba wa fulawa da madara ta dama, ya zama farin romo mai kauri, a kwarara a kan dakakken dankalin turawa. Abinci ya sauka.

Babu albasa, babu citta, babu tafarnuwa, balle attaruhu. Duk daɗin da take nema yana cikin jan ɓawon da naman ya yi a inda ya taɓa ƙarfe. Wani masani Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, shi ya bayyana yadda abin ke faruwa a 1912: in zafi ya yi ƙarfi, kuma babu ruwa, sinadaran jikin nama sukan haɗu su ba da wannan launi da ƙamshi. Shi ya sa take tsane naman, shi ya sa ba ta cika kasko. In nama ya yi yawa sai ya tsatso ruwa, suya ta koma dahuwa.

Mu kuwa da dahuwar muke farawa da gangan. Ranar Layya a gidanmu kayan ciki kawai ake taɓawa, ragon a rataye shi ya kwana ya sha iska. Kashegari tun da sanyin safiya maza su sassare shi, mata su zauna a kan kujeru 'yan tsugunne suna yankawa tsoka-tsoka. A wanke, a zuba a babbar tukunya da gishiri da albasa da citta da kanumfari da tafarnuwa, a bar shi ya yi ta tafasa har ruwan ya ƙone. A gefe ana narka kitse. Cikin wannan kakiden, ko a ƙara da man gyaɗa in bai isa ba, naman zai nutse ya yi ta soyuwa, hayaƙin itace yana sa mutum hawaye, yara suna kewaye murhu ana kora. Goggona ba ta san agogo ba a wannan aiki. Takan tsamo tsoka ɗaya, ta hura, ta ɓare ta da yatsu ta duba ciki. In ta ga alamar danshi sai ta mayar, ta ce, "Wannan ba zai kai Juma'a ba." Sai ya yi duhu ya ƙafe sannan a tsame, a baza a faranti ya sha iska, a cika bokiti a rufe. Bayan 'yan kwanaki a sake ɗumama shi a wuta. Haka zai yi makonni, wani gidan ma watanni, ana ɗiba ana jefawa a miya, ana ba baƙo da ɗan yaji a gefe.

Ba don mun fi su haƙuri ba ne. Dabbar ma ba iri ɗaya ba ce. Saniyar da mahaucin Uba zai yanka ta yi shekaru tana bin makiyayi, wataƙila tun daga Kamaru ko Chadi ta tako zuwa kasuwar shanu ta Mubi. Jijiyarta ta ƙosa, in ba a tafasa ta ba sai haƙori ya gaya wa mutum. Aladen Ayowa kuwa wata shida yake yi a duniya, a cikin rumfa, yana cin masara da waken suya, bai taɓa tafiyar kirki ba. Namansa taushi gare shi tun yana ɗanye. Mahaucin ma daban: nasu yana rarraba dabba gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da sunanta da kuɗinta da irin girkinta. Namu wuƙa da gatari gare shi, yana kasawa kashi-kashi, tsoka da ƙashi da kitse da ɗan tumbi, ka taya, ya sallama, ya ɗora maka gyara. Kashin da ya haɗa cinya da jijiyar ƙafa, dole a dafa shi gwargwadon wanda ya fi tauri a ciki.

Sai babban dalili, wato ajiya. A watan Afrilu zafin yankinmu yakan kai digiri 40, wutar lantarki kuwa sai ta ga dama. Naman da ba a ƙafar da ruwansa ba, kwana ɗaya ya ishe shi ya juya. Suyarmu ita ce firjinmu. Wata 'yar'uwata da ke Mubi lokacin da Boko Haram suka shiga garin a ƙarshen Oktoban 2014, makonni kaɗan bayan Babbar Sallah, ta ce abin da hannunta ya kai gare shi a guje shi ne goyonta da ragowar naman Sallah a leda. Shi suka riƙa gutsura ita da yara a kan hanyar tsallakawa Kamaru. Falle huɗun maƙwabciyata ba za su yi wannan tafiyar ba.

Da na kwatanta wa dattijuwar yadda muke yi, sai ta yi dariya ta ce ai kakarta ma haka take yi. A gonakin Amurka, kafin lantarki, da shigowar sanyi ake yanka alade, a gishirta wani, a kyafe wani, wani kuma a soya shi sosai a jera a tulun ƙasa, a kwarara narkakken kitse har ya rufe, a kai ɗakin ƙarƙashin ƙasa. A tsakiyar shekarun 1930 gona ɗaya cikin goma ce kawai ke da wuta a ƙasar. Dokar kai lantarki karkara ta 1936 ita ta soma sauya lamarin, firji ya shiga gidaje, tulun kitse ya koma kayan tarihi. Kuma ba su kaɗai ba ne: mutanen Maroko da Turkiyya da Labanan duk suna da naman da ake soyawa a adana cikin kitsensa, Faransawan kudu maso yamma suna yi da agwagwa, yau ma har ya zama abincin masu kuɗi. Ashe tamu ce tsohuwar hanya da duniya ta sani. Abin da Ba'amurke yake kira suyar gargajiya ɗan firji ne da zarton inji.

Ko a tsakaninsu ma ana jayayya a kan minti nawa. Tsofaffi sun tashi da tsoron wata tsutsa da ke shiga jikin mutum daga naman alade in bai dahu ba, don haka suke soya shi har cikinsa ya yi fari fat. Daga baya kiwo ya koma cikin rumfuna, tsutsar ta yi ƙaranci, aka kuma riƙa zaɓen irin aladun da ba su da kitse, har a 1987 masu sana'ar suka fito da tallan da ke jera namansu da na kaza. Nama marar kitse kuwa da ya ɗan jima a wuta sai ya bushe. A 2011 ma'aikatar noma ta Amurka ta rage zafin da ta ce cikin naman ya kai, daga digiri 71 zuwa 63 a ma'aunin Selshiyas, da sharaɗin a bar shi ya huta minti uku. Matasa yanzu da ɗan ma'aunin zafi mai tsinke suke girki, suna soka shi a nama suna karanta lamba. Maƙwabciyata ba ta yarda da wannan ba, ta ce gwamnati ta ci nata ja-ja, ita sai ya yi fari. A nan dai ita da Goggo bakinsu ɗaya.

Akwai wani bambancin da ya fi damuna fiye da na wuta. Naman nan a ƙirge yake zuwa, huɗu ko shida a faranti an lulluɓe da leda, kowa da nasa falle a gabansa, da wuƙa da cokali mai yatsu. In baƙo ya yi sallama ana shirin ci, babu rabonsa, sai dai wani ya haƙura da nasa, shi ya sa ba a zuwa gidan mutum sai an yi waya. Gutsi-gutsin namu ba shi da wannan matsala. In mutane sun ƙaru a ƙara yanka shi ƙanana, a ƙara ruwan miya, uwar gida ta raba da idonta: maigida, baƙo, sannan yara. Rago ɗaya yakan leƙa gida goma a cikin langa kafin a rufe bokiti.

Duk da haka ba zan ce komai namu ya fi ba. Ina sayen haƙarƙarin ɗan rago a shagon halal na Somaliyawa, in soya shi yadda na gani, a kaskona da man shanu. A nan na san nama yana da ɗanɗanon kansa wanda ba na citta ba ne ba na magi ba. Ran da na nuna wa Goggo ta waya, na yanka ta ga cikin da ɗan ja, sai ta dafe ƙirji: "Ke! Ɗanye za ki ba mijinki? Maza mayar da shi wuta." Na ce mata jan ruwan ba jini ba ne, jini ya fita tun wurin yanka, launin tsokar ne kawai. Ta ce in gaya wa wani. Kuma a Uba ita ke da gaskiya: naman da ya wuni a kan tebur cikin rana da ƙuda, ban ba kowa shawarar ya bar shi ja-ja ba. Inda nake ganin muna asara shi ne da muke yi wa kowace tsoka hukunci ɗaya. Lallausan naman gadon baya, da zai yi daɗi cikin minti biyar, muna haɗa shi da jijiya mu ƙona tare, mu ƙarar da itace da mai, mu kuma ajiye man da ya yi baƙi mu yi ta maimaita shi. Alhali sanin yana nan a garin. Mai tsire a bakin tasha ya san wace tsoka ake fallewa siriri a nuna wa wuta a sauke, mai balangu ma haka. Ilimin ya tsaya a hannun maza a bakin titi, bai shiga madafa ba.

Da Babbar Sallah a nan mukan haɗa kuɗi mu je wata gona a bayan gari a yi yanka. Mai gonar yakan kunna zartonsa ya tambaya kaurin nawa muke so kowane falle, mu ce masa ya daddatsa ƙanana kawai, ya dube mu ya girgiza kai. A garejin mota muke suyar, a kan murhun gas, domin in aka yi a cikin gida na'urar hayaƙi za ta yi ta ihu har maƙwabta su kira 'yan kwana-kwana. Matan Najeriya da na Nijar da na Ghana mu wuni a kai, mu tafasa, mu soya har ya ƙafe yadda zai yi wata uku a ɗakin Goggo ba abin da ya same shi. In ya huce kuma kowace ta ƙulla nata a leda, ta kai gida ta jefa a firiza.