Ƙululun da na sa aka kankare

Hutun da ya wuce, da zan koma Maraɗi, na bi ta kasuwar Katako a Yamai ina neman tsarabar Autanmu. Shekararsa 13, kuma tun yana ƙarami ba shi da aiki sai ƙera motoci da jirage da karan dawa. Wurin wani mai kayan gwanjo na tsinci wani kwali da ya sha jiki, da hoton jirgin yaƙin Jamus a kai: Messerschmitt Bf 109 G-6, sikeli 1/72. Irin maket ɗin nan ne na roba da ake haɗawa da kol. Jika biyu na biya.

Takardar bayanin da ke ciki ta jiƙe, rabinta ba ta karantuwa. Auta ya baje gutsattsarin bisa tabarma, ya ɗauko hancin jirgin, ya nuna mini wasu kumburi guda biyu a saman kapo, dab da gilashin matuƙi. Ya ce: "Yaya, wannan fa mine ne?" Ban sani ba. Amma ni ne ɗan jami'a a gidan, kuma bakina bai saba cewa ban sani ba. Sai na ce masa kuskuren masana'anta ne, roba ce ta taru, ya kankare. Bai yi musu ba. Ya sa reza ya share na hagu tas.

Da dare, hankalina bai kwanta ba, na shiga bincike a waya. Wallahi sai da na ji zufa. Ashe abin da na sa ya kankare shi ne alamar da ake gane G-6 da ita. Samfurorin baya, kamar F, suna ɗauke da bindigogi biyu MG 17 masu milimeta 7,92 a saman inji, kuma kapo yana rufe su sumul. A 1943 aka musanya su da MG 131 masu milimeta 13. Gindinsu da hanyar da harsashi ke bi sun fi wurin girma, dole aka buɗa musu ɗaki ta hanyar kumbura ƙarfen. Jamusawa suka kira abin Beule, wato ƙululun da ke fitowa mutum idan ya buga goshi da ƙofa.

Daga nan na kasa tsayawa. Bindigogin nan biyu ta tsakanin fukafukan farfela suke harbi, farfelar kuwa tana juyawa. Akwai na'urar da ke daidaita lokaci, harsashi ba ya fita sai fiffike ya kauce, dabarar da jiragen Fokker suka fara yaƙi da ita tun 1915. Ta uku ta fi ba ni mamaki. Injin DB 605 mai silinda 12 ne, siffar V amma a kife. Tsakanin layukan silinda biyu aka bar hanya, nan aka zura bututun igwa MG 151 mai milimeta 20, yana harbi ta tsakiyar cibiyar farfela, gindinsa kuma yana cikin ɗakin matuƙi, tsakanin ƙafafunsa. Sunanta Motorkanone, igwar inji. Saboda haka mai haɗa maket ba zai liƙa bututu yana leƙowa a gaba ba. Rami kawai zai huda a tsinin hancin, a tsakiya daidai. A sikeli 1/72, milimeta 20 ba ta kai sulusin milimeta ba, aikin bakin allura ke nan.

Da safe na faɗa wa Auta gaskiya. Ya yi shiru, ya dubi hancin, ya ce: "Da ka ce ba ka sani ba, ai da mun jira." A aji muna ta muhawara kan ƙirƙirar kalmomin fasaha da Hausa, muna cika allo da jerin sunaye, amma ba a taɓa yi mini gyara mai zafin wannan ba.

Muka zauna ina yi masa bayani, shi yana raɗa sunaye. Kwarin da bakin bindiga ke kwanciya ciki a kan kapo ya kira shi indararo. Murfin cibiyar farfela ya ce hular hanci. Beule kuwa ƙululu, babu gardama. Na lura duk wanda ban gane aikinsa ba, sunansa ba ya zama. Sai na koma na sake karantawa.

Ya feƙe totuwar kara, ya shafe ta da kol har ta yi tauri, ya goge da yashi mai laushi, ya liƙa a gurbin. Ya ɗan fi na dama tudu, kuma ko bayan fenti ana ganewa.

Yana huda ramin igwar da allurar Inna sai ya tambaye ni su wa aka harba da ita. Na ce masa mutane, matasa irina, cikin yaƙin da Hitila ya tayar. Ya ce su nawa? Wannan karon na ce ban sani ba, ya gyaɗa kai ya ci gaba da hudawa.