Ƙahon Gwanki a Gaban Majistare

Duk wanda ya saba shiga Kasuwar Katako ta Laranto a Jos ya san irin tsofaffin direbobin nan da ƙarfi ya ƙare musu, sai zaman inuwa da ba da labari. A cikinsu akwai wani dattijo wanda ya shekara da shekaru yana jigilar katako ta hanyar Lafiya zuwa Shendam, watau hanyar da ta ratsa kusa da gandun namun daji na Pandam. Shi dai bai taɓa riƙe bindiga ba, ko ta toka, amma da sunan maharbi aka taɓa yanke masa hukunci.

Wata rana da asuba ya tsaya a bakin hanya ya sayi naman banda wurin wani mutum da bai sani ba, aka yi masa gyara da ƙahon gwanki guda biyu, ya ce zai kai wa yara su gani. Bai yi nisa ba malaman daji suka tare shi. Kafin azahar yana hannun 'yan sanda, motarsa kuwa, da katakon mutane a kanta, tana tsare.

Tun 1963 Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa Dokar Namun Daji, wadda ta kasa dabbobi kashi-kashi: waɗanda aka haramta taɓawa sam, da waɗanda ba a harbinsu sai da lasin. Jihohin da aka yanka daga baya suka gaje ta. To, amma kafa doka daban, tabbatar da laifi daban. Wanda ya ce mutum ya yi farauta a gandu, wajibi ne ya nuna wa kotu cewa dabbar tana cikin waɗanda doka ta tsare, cewa wannan mutumin ne ya kashe ta ko ya bi ta da nufin kisa, kuma a cikin iyakar gandun. Nauyin duk yana wuyan mai ƙara, har sai shakka mai ma'ana ta kau. Ƙa'idar tsohuwa ce, Dokar Shaida ta 2011 ma ta riƙe ta.

Me aka kawo gaban majistare? Naman dai ya riga ya lalace, an binne. Ba bindiga, ba tarko, ba kwanson harsashi, ba wanda ya auna inda aka kashe dabbar. Sai ƙaho biyu, da malamin daji guda wanda ya ce ya hangi mutum mai kamarsa da fitila a cikin dare, da wata takarda ta Turanci mai ɗauke da dangwalen yatsansa, wai ya amsa laifi. Dattijon ba shi da lauya. Da aka karanta takardar ya yi shiru, don a ganinsa rashin ladabi ne ƙaramin mutum ya katse alƙali. Sai da aka zo kare kai ya ce ba a fassara masa abin da ya dangwala ba. Majistare ya rubuta cewa ya ga malamin dajin, ya gaskata shi, ya ɗaure direba wata shida.

'Yan'uwansa na kasuwa suka yi karo-karo suka ɗauki lauya, da sauri kuwa, domin kwana 30 ne wa'adin ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotu. Dattijon ya yi murna, yana zaton zai sake tsayawa ya faɗi zancensa tun daga farko. Lauyan ya ce masa, "Baba, can ba a sake jin shaidu. Abin da majistare ya rubuta shi za a karanta. Abin da bai shiga takarda ba, kamar ba a faɗa ba ne."

A nan ne yawancin masu afil ke faɗuwa. Kotun sama ba ta cika taɓa abin da alƙalin farko ya gano game da gaskiyar shaidu ba, dalili kuwa shi ne ya ga fuskokinsu, ya ji inda murya ta yi rawa, su kuwa takarda kaɗai ke gabansu. Cewa kurum "shaidan ƙarya ya yi" ba ta fid da kowa. Sai an nuna hukuncin ba shi da tushe a cikin shaidar da aka rubuta, ko an karɓi abin da doka ta hana karɓa, ko an tsallake wani rukuni na laifin. Lauyan bai ɓata lokaci kan halin malamin daji ba. Ya ce a ɗauka duk abin da ya faɗa gaskiya ne: ya hangi mai kama da shi. Ina aka rubuta tazarar da ke tsakaninsu, ko hasken da ya gani da shi? Ina tafintan da ya fassara takardar, me ya sa ba a kira shi ba? Alƙalan suka duba, ba su sami amsa ba, suka soke hukuncin.

Kada mai karatu ya ɗauka malaman daji ne azzaluman labarin. Mutane ne masu kwana a jeji suna fuskantar maharba masu bindiga, kuma a Yankari, wadda aka keɓe tun 1956, an sha kashe irinsu a bakin aiki saboda giwayen da suka rage. Abin takaicin shi ne ba a koya musu tattara shaida ba, ba a kuwa ba su kayan yinta. Ramin da direba mara laifi ya fita ta ciki, ta nan ainihin ɓarawon haure yake sulalewa. Shi ma dattijon hannunsa ba fari tas ba ne: da laifin mallakar ƙahon aka tuhume shi tun farko, da wuya lauya ya cece shi.

Ya fito bayan ya riga ya ci wata huɗu. Katakon ya sha ruwan damina ya kumbura, masu shi suka ce ya biya, motar ma sai da aka jawo ta da sarƙa zuwa Laranto, ya sayar da ita ga masu gwangwan. Mutumin da ya sayar masa da naman ba wanda ya nemi sanin ko wane ne.