Bindigar Cek da bindigar Kawu: zare 🧵

1/ Kwana biyun nan bidiyon CZ BREN 3 na ta yawo, kuma duk inda aka saka shi magana ɗaya ce a ƙasa: "A ba mu irin wannan mu gama da ɓarayin daji." Har wani ya kira sunana ya ce ɗan Wurno me ka ce. To ga abin da na ce. Zaren da ɗan tsawo, a samu wuri a zauna.

2/ Kamfanin sunansa Česká zbrojovka, ana taƙaita shi CZ. Yana wani ƙaramin gari, Uherský Brod, a ƙasar Cek. An kafa masana'antar a 1936, kuma da gangan aka kai ta can nesa da iyakar Jamus saboda an ga take-taken Hitila. Mutanen garin ba su kai 20,000 ba. Ƙasar kuma gaba ɗayanta miliyan 10 ne da ɗoriya, ba su kai Kano da Jigawa a haɗe ba.

3/ BREN 3 ɗin da kuke gani a 2024 aka fito da ita. Kafin ita akwai CZ 805 BREN da sojojinsu suka fara karɓa a 2011, sai BREN 2 da ta fi ta rashin nauyi. BREN 2 ana yin ta mai cin harsashin NATO, ana kuma yin mai cin irin na AK-47. Jandarmomin Faransa na musamman, GIGN, sun saye ta. Hangari ta karɓi lasisin ƙera ta a gida, Yukren ma ta ƙulla yarjejeniyar harhaɗa ta a ƙasarta.

4/ Ɓangaren farar hula kuwa akwai CZ 600 ta farauta, da CZ 457 mai ƙaramin harsashi ta koyon saiti, da fistol ɗin Shadow 2 da 'yan gasar harbi ke so. Kakarsu ita ce CZ 75 ta 1975, wadda kamfanoni da dama a duniya suka kwaikwaya. A 2021 suka sayi Colt na Amurka, e, Colt ɗin fina-finan kaboyi. A 2024 suka ƙara da Sellier & Bellot, masu yin harsashi tun 1825.

Ku riƙe maganar harsashin nan, za mu dawo kanta.

5/ Sunan BREN ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Bindiga ce mai sarrafa kanta da Ingila ta ɗauka kafin yaƙin duniya na biyu, mai gidan harsashi a sama. Asalin zanenta daga birnin Brno na Cek ne (wata masana'anta daban, ba ta Uherský Brod ba), aka riƙa ƙera ta a Enfield. BR na Brno, EN na Enfield. Ita mazan jiyanmu na runduna ta 81 da ta 82 suka saɓa a dajin Boma tsakanin 1943 da 1945.

6/ Ko jiragen horon nan L-39 da 'yan Kano suka saba jin ƙararsu ƙirar Cek ne. Yayyensu L-29 tun 1967 Najeriya ta saye su, lokacin yaƙin basasa. Wato mun daɗe muna cin kasuwarsu. Mu ne dai kullum masu miƙa kuɗi.

7/ Ni injiniyan ƙere-ƙere nake karanta a Wudil, kuma ba zan ɓoye ba, abin nan yana burge ni. Idan na kalli bidiyon ba harbin nake kallo ba. Yadda ake cire wani sashe a mayar da wani ya zauna daram, ba gyara ba goge-goge, shi nake kallo. Ma'anarsa duk guda dubun da injin ya fitar girmansu ɗaya, bambancin bai kai kaurin gashi ba. Wanda ya taɓa wahala da injin feƙe ƙarfe a ɗakin koyon aiki ya san ba wasa ba ne.

8/ Yanzu mu dawo gida. Kawuna maharbi ne a Wurno, ƙanin mahaifiyata. Bindigarsa ta toka ce, baushe, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a danna da sanda. Wani maƙeri ne ya yi masa ita tun ban san kaina ba. Ƙotar ta yi baƙi ta yi santsi saboda hannu, an naɗe tsakiyarta da fata, ga laya a rataye. Da rani yakan bi dajin da ya yi wajen Gwaram, ya dawo da zabin daji ko zomo, wani lokaci ya dawo haka nan.

9/ Hutun da ya wuce na nuna masa bidiyon a waya. Ya kalla sau biyu shiru. Sai ya ce, "Ɗan nan, wannan idan ta ƙi tashi wa zai gyara?" Na ce kamfani, Kawu. Ya ce, "Abincinta fa, a ina ake sayowa?" Na ce shi ma daga can. Ya miƙo min wayar ya ce, "To ai wannan ba taka ba ce, aro aka ba ka."

Na yi dariya, amma wallahi tambayoyin nan biyu sun fi duk sharhin da na karanta a ƙarƙashin bidiyon.

10/ Domin bindigar zamani ba ta da amfani sai da harsashinta, kuma ba a ƙera shi a maƙera. Kwanson tagulla ne, da gubar kai, da garin da aka auna, da 'yar hular da ke kama wuta, kowanne da masana'antarsa. Shi ya sa masu CZ suka sayi kamfanin harsashi sukutum. Wanda ke riƙe da harsashi shi ke riƙe da yaƙin. Ku tambayi kanku: ɓarayin da ke dajin Zamfara da Katsina, ba su da masana'anta, kullum cikin harbi suke. Ta wace hanya yake isa gare su?

11/ Amma kada a ɗauka ina wasa baushe ne. Akwai maƙwabcinmu da yatsu uku na hannun hagunsa babu. Daren da aka kore shanun wani a unguwarmu 'yan banga suka fita, ya cika ta da albarushi fiye da ƙima don ta yi ƙara, yana taɓa kunama bututun ya tsage a hannunsa. Ɓarawo bai ji ko ƙwarzane ba. Shi kuwa manomi ne, har yau da wahala yake riƙe fartanya, ga 'ya'ya biyar.

12/ Ba laifin basirar maƙerin ba ne. Maƙeranmu da ido da guduma suke yin abin da mu sai da takarda da kwamfuta. Matsalar ƙarfen ne. Bututun da aka yi don wani aiki daban shi ake mayarwa bakin bindiga, ba wanda ya auna ƙarfin da zai iya ɗauka, kuma yana tsufa yana cin tsatsa ta ciki ba a gani.

13/ A Cek, bututun daga ƙarfe na musamman ake yin sa, injin ya daddake shi ta kowane gefe har ya ɗauki siffa. Sannan duk bindigar da za a sayar wa farar hula sai ta bi ta ofishin gwaji na gwamnati. A can za a harba ta da harsashin da ƙarfinsa ya wuce na yau da kullum. Idan ta jure a buga mata hatimi, in ba ta jure ba ta fashe a ɗakin gwaji, ba a hannun mai 'ya'ya biyar ba.

14/ Sai maganar waye zai riƙe. Masu cewa "ai a Cek kowa na da bindiga" ku ji. Gaskiya ne dokarsu na da sauƙi idan aka kwatanta da sauran Turai, har a 2021 suka saka haƙƙin kare rai da makami a cikin dokokinsu na tsarin mulki. Amma kafin lasisi sai ka ci jarrabawar rubutu kan doka, ka ci ta aiki a gaban mai duba, likita ya sa hannu, 'yan sanda su duba tarihinka. Kowace bindiga da lambarta da sunan mai ita a rajista ɗaya ta ƙasa.

15/ Masu lasisin sun ɗan haura 300,000, kusan yawan mutanen ƙaramar hukumar Birnin Kudu a ƙidayar 2006. Bindigogin da ke rajista wajen miliyan 1.

16/ Kuma duk da haka, ranar 21 ga Disamba 2023, wani ɗalibi ya shiga Jami'ar Charles da ke Prague ya kashe mutum 14, ɗalibai da malamai. Da lasisinsa, bindigoginsa duk na kan rajista. Ɗalibi ne kamar ni da kai. Ƙasar da ke da likita da jarrabawa da rajista ke nan fa.

17/ Mu kuwa? Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na 2019 ya ce zuwa Disamba 2018 akwai makamai 178,459 na 'yan sanda da ba a san inda suke ba, 88,078 daga ciki AK-47 ne. Wannan rumbun gwamnati ne mai littafi da maƙulli da mai gadi. To a ce an raba BREN a ƙauyuka. Wa zai riƙe littafin?

18/ Na san abin da za a ce min: kai kana Jigawa lafiya lau, ba a taɓa kwashe ƙauyenku ba. Gaskiya ne, alhamdulillah, abin da muke gani bai kama ƙafar na Zamfara ba. Ba ni da bakin da zan ce wa mutumin Batsari ko na Maradun ya naɗe hannu. Janar T.Y. Danjuma ya faɗa a Jalingo a 2018 cewa mutane su kare kansu. Masari ya faɗa a Katsina a 2021. Gwamnatin Zamfara a 2022 har cewa ta yi a nemi lasisi. Manya ne da suka san cikin gwamnati, kuma suka ga abin ya fi ƙarfinta.

19/ Amma ni garinmu na sani. Rigimarmu ta kaka ce: shanu sun shiga gona kafin a kwashe amfani, burtali ya zama gona, iyakar gado tsakanin 'yan uwa, sai kuma zaɓe. Yanzu da sanda da adda ake yi, wani lokaci kibiya, a kai mutum asibitin tarayya na Birnin Kudu a ɗinke shi, dagaci da ardo su zauna. Mafi yawa ana tashi da rai.

20/ Baushe sau ɗaya take tashi. Kafin ka sake ɗurawa an rirriƙe ka, ko zuciyarka ta sauka. Gidan harsashin BREN guda 30 yake ci, kuma cikin daƙiƙa uku za ta iya zazzage su. Ku ɗora wannan a kan rigimar gonar gero ta watan Oktoba. Wanda za a fara binnewa ba ɗan bindigar daji ba ne, wanda kuke haɗa sahu da shi ran Juma'a ne.

21/ Ƙanina yana cikin samarin da ke kwanan sintiri idan an yi sata. Shekararsa 19. Duk daren da ya fita Inna ba ta barci sai ta ji ƙarar ƙofa. Ina so ya dawo da rai, shi ya sa na fahimci masu son babbar bindiga. Amma na san abokansa ɗaya bayan ɗaya, na san masu zafin kai, na san masu shaye-shaye. Akwai waɗanda ko makullin babur ba zan ba su ba.

22/ Abin da nake hassada da Cek masana'antar ce. Mu ma muna da DICON a Kakuri, Kaduna, tun 1964, Jamusawa suka taya kafa ta. Sama da shekara 60 ke nan. An yi OBJ-006, kwafin AK-47. A 2023 Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokarta. Amma har yau manyan makamanmu daga waje suke zuwa, kuma Ajakuta da aka fara tun 1979 don ta ba mu ƙarfe tana nan ba a gama ba. Ba ƙarfe, ba bututu. Mu da ke karatun nan muna gamawa sai POS ko gyaran janareto.

23/ Wani abu da mutane ba su cika sani ba: dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Irin su BREN da AK sai da izinin shugaban ƙasa. Na tsakiya, kamar mai baki biyu ta farauta, Sufeto Janar ke ba da lasisi, kuma a 2023 ya sanar da dakatar da bayarwa. Na ukun su ne na toka, maganar lasisinsu tana hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Har ƙera na tokan dokar ta bar ƙofa, idan Sufeto Janar ya ba da izini da amincewar gwamna.

24/ To da ni ake tambaya, daga nan zan fara, tunda su ne a hannun mutane. Kowane gari na da Sarkin Maƙera da Sarkin Baka, kuma sun san wa ke ƙerawa, wa ke riƙewa. A rubuta su a ofishin hakimi tare da 'yan sanda. A buga wa kowace baushe lamba. A samu wuri ɗaya a Dutse da za a gwada bututu kafin ya shiga hannun mutum, ko na 'yan bindigar hawan Sallah ne. Ɗaliban Wudil da na kwalejin fasaha ta Dutse za su iya haɗa na'urar gwajin a matsayin aikin kammala karatu. Ni zan so a ba ni shi.

25/ Masu shigo min ta akwatin saƙo kuna tambayar farashin BREN da inda ake samu, don Allah ku daina, ba harkata ba ce kuma ba zan amsa ba. Wanda kakansa ya je Boma kuma akwai hoto ko lambar yabo a gida, ya saka a ƙasa, ina son gani. Ni na tafi karatu, gobe ƙarfe 8 muna da jarrabawa.