Kafin Ka Ɗora Allura a Kan Faifan Mahaifinka

A ƙuryar ɗakin mahaifina a Mungadi, cikin ƙaramar hukumar Maiyama, akwai wata tsohuwar adaka da muka tashi muna ganinta a kulle. Sai a Babbar Sallar bara, da na je gida, ya sa ƙanina ya jawo ta tsakar ɗaki. A ƙarƙashin tsofaffin riguna muka tarar da faya-fayen garmaho ashirin da uku, an jera su ɗaya bisa ɗaya, an naɗe da zane. Yawancinsu na Mamman Shata ne da Ɗan Maraya Jos, wasu da tambarin kamfanin EMI. Ya saye su ne da ɗaiɗai a shekarun 1970, lokacin da yake fataucin albasa daga Aliero zuwa Kurmi. Biyu daga ciki sun fi sauran kauri da nauyi, rubutun jikinsu ya goge, ya ce waɗannan na kakana ne. Rediyo mai garmaho da yake sa su a ciki ta mutu tun kafin a haife ni, kuma ba wanda ya damu da gyaranta, domin kaset ya riga ya ci kasuwa.

Idonsa ya yi rauni yanzu, kunnensa kuwa garau. Ya shafa bangon wani faifai da tafin hannu ya ce, "Kai da ka aikin jarida, ba ka samo muna abin da ka sa su magana?"

Na ce, "Baba, ai waƙoƙin nan suna cikin waya." Bai amsa ba. Da dare na zauna ina bin sunayen da ke jikin faya-fayen ina nema a intanet. Na sami da yawa, amma akwai waƙoƙi shida da ban samu ko'ina ba. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015, kuma ba za su sake shiga ɗakin ɗaukar murya ba. Nan na fara gane cewa abin da ke cikin adakar ya wuce tsohon kaya.

A gidan akwai lasifika marar waya, irin mai Bluetooth da yanzu ake samu a kusan kowane shago a Jega, wadda ake jin karatu da labarai da ita. Na ɗauka aikin mai sauƙi ne: in sayi na'urar juya faifai mai Bluetooth, in haɗa su, shi ke nan. Na sayi mafi arha da na gani a wajen wani mai talla a intanet, irin wadda aka ƙera kamar ƙaramar jakar tafiya. Kwana goma sha biyar Baba yana sa a ɗora masa faifai ɗaya na Shata kowace yamma. Da na koma, sai na ji kalangu yana ƙara kamar ana yaga takarda, muryar kuma ta dushe a duk inda mawaƙin ya ɗaga ta. A bakin allurar akwai wani baƙin gari. Baba ya ce, "Wagga ba muryatai ta ba."

Araha ba ta ado, in ji Hausawa. Faifan da ya shekara kusan hamsin a adaka lafiya, ni na lalata shi cikin mako biyu, kuma laifin nawa ne ta fuska biyu: ban wanke shi ba, ban kuma tambayi nauyin allurar ba. Abin da na koya bayan wannan asara shi nake son in shimfiɗa a nan, domin na san akwai adaka irin ta Baba a gidaje da dama daga Jega zuwa Argungu da Yawuri. Taƙaitaccen darasin shi ne, a zaɓi na'ura bisa abin da za ta yi wa faifai. Maganar haɗa ta da lasifika ta zo daga baya.

Faifai ba kamar kaset ko waya ba ne. Sautin yana sassaƙe ne a jikinsa, cikin wata siririyar tsaga da kaurinta bai fi na gashin kai ba, wadda ta kewaya daga baki zuwa tsakiya. A babban faifai, tsawon wannan tsaga a fuska ɗaya ya kusa rabin kilomita. Allura tana bin ta tana karkarwa daidai da lanƙwasar gefenta, wannan karkarwar ce ake mayarwa sauti. Wato duk sauraro gogayya ce tsakanin dutse da roba. Idan allurar ta yi nauyi, ko bakinta ya cinye, ko akwai ƙura a tsagar, abin da aka kankare ba ya dawowa.

Shi ya sa tambaya ta farko ita ce: giram nawa allurar ke dannawa, kuma da me aka yi ta? Na'urori masu siffar jaka galibi suna danna giram biyar ko fiye, kuma da yawansu allurarsu ba ta daimon ba ce, tana cinyewa da wuri. Na'urorin kirki na masu farawa suna tsakanin giram biyu zuwa uku da rabi, da allurar daimon mai ɗaukar sa'o'i ɗaruruwa kafin a canza ta. Bambancin giram biyu kamar ba komai ba ne, amma duk nauyin yana sauka ne a wurin da ido ba ya iya gani. A kuma tabbatar ana sayar da allurar daban. Na'urar da ba a samun allurarta, ranar da allurar ta mutu ita ma ta mutu.

Tambaya ta biyu, wane irin faifai ke hannunka? Iri uku ne. Akwai babba mai juyawa sau 33 da sulusi a minti, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a Amurka a 1948. Akwai ƙarami mai juyi 45, na kamfanin RCA Victor, a 1949. Akwai kuma na da, mai juyi 78, mai nauyi, wanda ba da roba aka yi shi ba, da wani irin ƙaro ne mai fashewa kamar tangaran. Biyun nan na kakana irinsa ne. Yawancin na'urorin masu farawa 33 da 45 kawai suke juyawa. Ko an sami mai 78, sai an sa mata wata allura mai faɗi, domin tsagar tsohon faifai ta ninka ta sabo faɗi kusan sau uku. Wani dattijo a unguwarmu ya ba ni shawarar in nemo tsohon garmaho mai wani da hannu. Wannan ga faifan 78 kaɗai aka yi shi. Allurarsa ta ƙarfe ce, kan da ke ɗauke da ita ya haura giram ɗari, idan aka ɗora masa faifan roba juyi ɗaya ya isa ya kashe shi.

Sai a tambaya ta uku muke isowa ga lasifika. Wutar da ke fitowa daga kan allura kaɗan ce ƙwarai, ba ta wuce kashi biyar cikin dubu na bolt ɗaya ba. Ban da haka, a wajen sassaƙa faifai ana rage kaurin sauti a ƙara kaifinsa da gangan, domin tsagar ta ɗauki waƙa mai tsawo, bisa wani ma'auni da masana'antar ta daidaita a kai a 1954. Don haka dole a sami ɗan ƙaramin amfilifaya na musamman da zai ninka wutar kamar sau ɗari, ya kuma mayar da sautin yadda yake. Rediyoyin da irin ta Baba suna da shi a ciki. Lasifikar zamani ba ta da shi. Idan ka haɗa tsohuwar na'ura kai tsaye da ita, za ka ji waƙa can ƙasa-ƙasa, siririya kamar kukan sauro, ka ɗauka an cuce ka alhali abu ɗaya ne ya rage. Na'urorin yanzu da dama suna zuwa da shi a ciki, alamarsa wani ɗan makunni a baya da aka rubuta PHONO a gefe ɗaya, LINE a ɗayan.

Daga nan hanya biyu ce zuwa lasifika. Idan lasifikarka tana da ramin da aka rubuta AUX, waya mai arha ta wadatar, kuma ba ka bukatar biyan kuɗin Bluetooth a jikin na'urar. Idan babu, ko kana so na'urar ta zauna a ɗaki lasifika ta fita zaure, sai ka nemi na'urar da ke aika sauti ta Bluetooth. A lura da kalmar aikawa: wasu masu arha karɓa kawai suke yi daga waya, ba sa turawa. Masu lasifikar da ke aiki da Wi-Fi, irin na kamfanin Sonos, su duba da kyau, domin ba dukansu ke karɓar Bluetooth ba. Gaskiya ne Bluetooth yana matse sauti, kuma masu tsananin son faifai a Turai suna ƙyamar hakan. Amma ga faifan da aka ɗauka shekaru hamsin da suka wuce, ya sha hunturu da bazara, abin da za a rasa bai kai ƙarar ƙura ɗaya ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne kada a ajiye lasifika a kan teburi ɗaya da na'urar, domin girgizarta tana komawa cikin allura.

Tambaya ta huɗu tamu ce, ba za ka same ta a shafukan masu talla na waje ba: wace wuta za ta ci? Wutarmu bolt 230 ce, tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa. Ta Amurka 120 ce, sau 60. Tsofaffin na'urori da yawa da ake samu a gwanjo injinsu yana ɗaukar saurinsa ne daga wannan kai-komo. Ka kawo ta Amurka, ko ka sa mata abin rage wuta don kada ta ƙone, juyi 33 zai koma kusan 28, Ɗan Maraya ya koma rera waƙa kamar mai jin barci. A kan ƙaramin janareta kuwa, da ƙarfinsa ke hawa da sauka, muryar ma haka za ta riƙa yi. Mafita ita ce na'ura mai ɗan akwatin wuta a waje, irin na cajar kwamfuta, wanda aka rubuta 100 zuwa 240 a jikinsa. Irin wannan ba ruwanta da ƙasar da take, kuma wutar da take ci kaɗan ce, ƙaramar sola da inbata sun riƙe ta.

Da na auna duk wannan, zaɓina ya tsaya tsakanin biyu: Sony PS-LX310BT da Audio-Technica AT-LP60XBT. Dukansu suna da amfilifayan a ciki, suna aika Bluetooth, kuma masu sarrafa kansu ne: ka danna maɓalli, hannun ya tashi ya sauka a bakin faifai, in waƙa ta ƙare ya koma mazauninsa. Akwai babbar yayarsu, AT-LP120XBT-USB, mai juya 78 kuma ana daidaita nauyin allurarta, amma kuɗinta ya fi ƙarfina, kuma da hannu ake ɗora mata allura. Ga mutumin da ba ya gani sosai, hannu mai rawa ya fi giram uku da rabi haɗari. Na ɗauki Audio-Technica, da allura ɗaya ta ajiya. Wani abokin aikina ne ya taho mini da ita daga Ingila, inda wutarsu da bakin filoginsu irin namu ne.

Kada wani ya ɗauka wannan kaya ne da aka daina yi. A Amurka, a 2022, faifai ya fi CD yawan sayuwa a karon farko tun 1987. Na'ura da allura za a ci gaba da samunsu. Faifan Shata na EMI ne ba wanda ke sake bugawa.

Kafin in ɗora komai a sabuwar na'urar, na kwana biyu ina wanki. Ruwa mai tsabta, ɗigon sabulun ruwa, tattausan ƙyalle ana bin tsagar a kewaye, ba a jiƙa takardar tsakiya ba, a bar shi ya bushe a inuwa. Faifan 78 kada a kusanto shi da sifirit, narkar da shi yake yi. Na kuma daina jera su a kwance. A tsaye ake ajiye faifai, kamar littattafai, nesa da taga da rufin kwano, domin zafin Maris da Afrilu a ƙasar Kabi ya isa ya lanƙwasa roba. Uku daga cikin na Baba sun riga sun ɗan karkace saboda nauyin 'yan'uwansu. Sannan na yi abin da ya kamata in fara yi tun farko: na jawo waya daga bayan na'urar zuwa rakodar da nake ɗaukar hira da ita, na naɗi kowane faifai sau ɗaya, na ajiye a wuri uku. Waƙoƙin nan shida da ban samu a intanet ba yanzu suna wayar ƙanina, da kwamfutata, da wajen yayata a Birnin Kebbi.

Na'urar tana ɗakin Baba a kan wani ƙaramin teburi, a rufe da murfinta da zane saboda ƙura. Lasifikar kuwa bayan la'asar ake fitar da ita zaure. Ya haddace maɓallin da yatsa, ba ya son a taya shi. Abokansa biyu sukan zo, kuma na lura ba su cika yin shiru su saurara ba: kuntigi na farawa sai gardama ta tashi a kan shekarar da aka sayi faifan, da kuɗin buhun albasa a lokacin, da direban da ya kai su Ibadan. Faifan da na lalata har yanzu yakan sa a ɗora, ko da yake na ce masa akwai waƙar a waya.

Biyun nan masu nauyi suna nan a tsaye a ƙarshen layi, ba a ji su ba tukuna. Baba ya ce yana yaro ya taɓa jin su a zauren mahaifinsa, amma ya manta ko na wane ne. Na yi masa alkawarin allura mai faɗi da na'urar aro kafin azumi.