Wanda Ba A Kira Sunansa Ba

A hutun ƙarshen zangon da ya wuce na koma gida Talatar Mafara, sai na tarar da ƙanena ya yi kwana uku bai leƙa ko ƙofar gida ba. Dalili kuwa, ya je Gusau gwajin ƙwallon ƙafa, inda wata ƙungiya take neman sababbin 'yan wasa. Tunkiyarsa ya sayar ya yi kuɗin mota da na takalma. Aka yi kwana huɗu ana gwada su. Ranar ƙarshe aka jera su, wani mutum ya karanta sunaye daga takarda, ya naɗe ta ya sa aljihu. Babu sunan ƙanena a ciki.

Da dare bayan sallar lisha ya same ni a zaure, ya zauna gefen tabarma, ya ce, "Yaya, in bari ne, ko in ci gaba?" Na rasa abin da zan ce masa. Na kwana ina juya maganar, har abubuwa biyu suka faɗo mini a rai, ɗaya daga Amurka, ɗaya kuwa daga ƙofar gidanmu.

A Amurka akwai wani wasa da suke kira ƙwallon ƙafa, alhali kuwa yawancinsa da hannu ake yi. Ƙwallon mai siffar ƙwai ne, ana jefa shi, ana gudu da shi, ana kayar da mai ɗauke da shi. Babbar gasarsu, watau NFL, tana da ƙungiyoyi 32. Kowace shekara cikin watan Afrilu ƙungiyoyin nan sukan zauna su zaɓi samari daga jami'o'i, zagaye bakwai, har a ɗauki mutum 250 da 'yan kai. Wanda aka kira sunansa ya sami kwantiragi da martaba. Wanda ba a kira ba kuwa, sai ya bi ƙungiyoyi yana neman a gwada shi.

Cikin irin waɗannan akwai Adam Thielen, mutumin wani ƙaramin gari da ake kira Detroit Lakes a jihar Minesota. Aikinsa a fili shi ne ya ruga a guje, ya kuɓuce wa mai tsaronsa, ya cafe ƙwallon da aka jefo masa daga nesa. Manyan jami'o'i ba su neme shi ba. Wata ƙarama da ke Mankato ce ta ɗauke shi da tallafin dala 500 kacal. Da ya gama, ba a gayyace shi babban taron gwaji na ƙasa ba, sai da ya biya kuɗi daga aljihunsa ya shiga wani ƙaramin gwaji a Cikago. Zaɓen 2013 ya zo ya wuce ba a ambace shi ba. Daga baya ƙungiyar Vikings ta jiharsu ta ba shi 'yan kwanaki ya nuna abin da ya iya, ta ɗauke shi, sannan ta cire shi daga cikin mutum 53 da ke buga gasa, ta ajiye shi cikin 'yan atisaye. Shekara guda cur yana zama abokin gwajin manya, ba ya shiga wasa. A 2014 ya sami shiga, amma aikin da aka fi ba shi shi ne na lokacin da ake buga ƙwallo da ƙafa, aikin karo da ƙarancin suna. A watan Nuwamba na shekarar ya tare bugun 'yan Karolina, ya ɗauke ƙwallon ya kai shi gidansu. Sai a 2016 aka sakar masa aikinsa na ainihi, a 2017 kuma ya ci yadi 1,276 aka lissafa shi cikin gwanayen gasar.

Abu na biyu shi ne wani tsohon mahauci maƙwabcinmu da muke kira Baba, wanda ya yi dambe a ƙuruciyarsa. Da kaka, in an kawar da amfanin gona, sukan bi garuruwa, yau Bakura, gobe Maradun. Kashegari na kai masa wannan magana a rumfarsa. Ya yi dariya ya ce, "Yaro, ni wa yaz zaɓe ni? Ruwa na fara ɗauka ma manya, ina naɗe musu zare. In an buɗe fage mu yara mu share shi kafin su hito. Makaɗi bai san sunana ba sai ranar da niy yi kisa." Haka abin yake a dambe. Babu takarda, babu mai kiran suna. Yaro yakan raɓi babba, a riƙa ce masa shagon wane ko autan wane, har ranar da hannunsa zai yi masa suna. Shago ma, wanda Ɗan Anace ya ɗaukaka da waƙa, a fage ya sami abin da aka waƙe shi da shi.

To, a nan ne na ga inda labaran biyu suka haɗu. Mai zaɓe yana auna abin da ido ke gani cikin kwana huɗu: tsawo da gudu da ƙarfin ƙafa. Ba shi da mudun auna haƙuri, ko jure wulaƙanci, ko yadda yaro zai zama bayan shekara uku. Saboda haka rashin jin sunanka hukunci ne a kan kwana huɗu, ba a kan rayuwa ba. Mu kanmu ɗalibai shaida ne, domin da yawa daga cikinmu, har da ni, ba mu ga sunayenmu a jerin farko na shiga jami'a ba.

Amma fa gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Labarin Thielen ya yi daɗin ji ne domin irinsa ba su da yawa. Mafi yawan waɗanda ba a zaɓa ba ana sallamarsu tun kafin a fara gasa. Baba ma ya lissafa mini abokan dambensa da suka ƙare da karyayyen hannu ba tare da an taɓa yi musu kiɗa ba. Daɗin daɗawa, Thielen ya yi karatun jami'a, har yana shirin kama aikin sayar da kayan likitan haƙori lokacin da Vikings suka kira shi. Baba kuwa bai taɓa ajiye wuƙar fawarsa ba. Kowanensu ya shiga fage da abin da zai koma gare shi. Bugu da ƙari, can akwai ƙofa ta biyu ga wanda aka bari a baya, ta gwaji da ta atisaye. A wajenmu kuwa, yaron da aka ƙi a Gusau sau da yawa ba ya da inda za a sake ganinsa.

Daren da zan dawo makaranta na kira ƙanena na ce masa, "Kada ka bari, amma kada ka sake sayar da tunkiya. Ka koma ƙungiyar unguwa ka share fage kamar yadda Baba ya yi, ka sake zama jarrabawar da ka faɗi, da rani kuma ka taimaki mahaifinmu a gonarsa ta Bakolori." Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, Yaya, in an sake ƙi na fa?" Na ce masa sai ya dawo gida da takardarsa a hannu, ba wanda zai yi masa dariya.

Ban sani ba ko za a taɓa kiran sunansa. Wasiƙar da ta zo mini daga gida dai ta ce ya yi rajistar jarrabawa, kuma kowace yamma yana filin makarantar firamare da takalman nan nasa. Allah ya zaɓa masa abin da ya fi alheri, amin.